Kujerun Aro

"A hankali! A hankali da kujerar nan, ba ta ubanku ba ce!"

Kawu Mai Turare ne tsaye a tsakar gida, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana nuna wa 'yan dako hanyar falo. Tun da hantsi ake shigo da kaya: kujerun kushin masu laushi, kafet ja, talabijin mai faɗin ƙofa, sai firij a ƙarshe. Kowanne da gidan da aka aro shi.

Kawu ƙanin Inna ne. Tun da mijinta ya rasu ya naɗa kansa uban gidan, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Masu baƙin ciki suna cewa wai ba shi da sana'a. Sharri ne! Mutumin da ya san gidan da ake son rabuwa da firij, ya san gidan da ake neman firij, ya haɗa su ya karɓi la'adarsa, a ce ba shi da sana'a? Ga tsafta, ga iya tafiya, ga ƙamshin da ke riga shi shiga gida. Amma haka duniya take, ba a ganin darajar mutum sai ya mutu.

Gaskiyar da ko Kawu ba ya musu ita ce, keken ɗinkin Yaya ne ke riƙe da gidan. Yaya ce babbar 'yar Inna. Daga wannan keken ake ci, daga shi ake biyan makarantar Auta, ƙanwarta da ke ajin ƙarshe a sakandare, wadda ba ta taɓa barin wani ya sha gabanta a jarrabawa ba. Jami'a kuwa ta fi ƙarfin keke. Shi ya sa da aka ji labarin wata gidauniya mai tallafa wa 'ya'yan marasa ƙarfi, da lesin ranar Asabar da littattafai da kuɗin jarrabawar shiga jami'a, Auta ta nema da gudu. Wanda ya kawo labarin shi ne Dogo, malamin lissafi a lesin ɗin, kuma saurayin Yaya da aka daɗe da sani a gidan. Ka'idar gidauniyar ita ce ba sa ɗaukar yaro sai sun turo wani ya ga gidansu da idonsa. Ranar ce yau.

Yaya ta dawo daga sayen zare, ta tsaya turus a bakin falo.

"Kawu, me nake gani haka?"

"Mutunci kike gani, 'yar nan. Ba ki saba da shi ba ne, shi ya sa ba ki gane shi ba."

"Ina bencinmu? Ina bokitin da ke tare yoyon rufi?"

"Suna bayan gida, inda ya dace da su."

"Kawu, tallafin nan na marasa ƙarfi ne fa!"

"Marasa ƙarfi aka ce, ba marasa zuciya ba!" Ya gyara zaman hularsa. "Wa za ta zo? Abokiyar aikin saurayinki. So kike ta koma ofis ta ce, 'Dogo, na je gidan surukanka, a kan benci aka ajiye ni, ruwa na ɗiga a ƙeyata'? Daga ranar kin zama abin raini a wurinsa da danginsa har abada. Ni ina raye ba za a yi wannan ba."

Yaya ta juya wurin mahaifiyarta. "Inna, ki yi magana mana."

Inna tana zaune a bakin kushin, tana shafa hannun kujerar kamar mai tsoron kada ta farka. "Kawunku ya fi ki sanin mutane," ta ce. "Mun yi shekaru muna rufa wa kanmu asiri, ba za ki tona mu a gaban baƙuwa ba. In ta zo kika buɗe baki, ke da ni ne."

Baƙuwar ta iso bayan azahar, wata mata mai farin tabarau wadda ba ta ɓarnar murmushi. Kawu ya tarbe ta da fara'ar da ya tanada don manyan mutane. Ya zaunar da ita a kujerar da ta fi laushi, ya buɗe firij a hankali yadda za ta ga hasken ciki, ya miƙa mata lemo mai sanyi.

"Ki yi haƙuri da wannan ƙaramin talabijin, ranki ya daɗe. Babban yana wurin gyara."

Mai Tabarau ta dubi talabijin, ta dubi kafet, ta dubi Auta da ta sunkuyar da kai. "Wa ke ɗaukar nauyin karatun yarinyar?"

Auta ta ɗago. "Yayata ce take—"

"Ni ne!" Kawu ya dafa ƙirji. "Ni ne nan. Ko ƙasar waje ta ce tana so, ba abin da zai gagara. Wannan tallafin naku ma don dai kada a ce mun raina ne."

Yaya tana bakin ƙofar ɗaki, ta ciji leɓe har ya yi fari. Inna ta zuba mata ido, ta haɗiye maganarta. Mai Tabarau ta ajiye lemon ko rabi ba ta sha ba, ta yi sallama.

"Kun gani?" in ji Kawu, yana kallon kansa a gilashin talabijin. "Ta fita tana girmama mu. Ba wanda zai ce mini na gode, na sani. Na saba."

Ba a yi nisa ba saƙo ya shigo wayar Yaya. Auta ta cancanta ta fuskar ƙoƙari, amma binciken gida ya nuna iyalinta ba sa cikin mabuƙata. An ba wani gurbin.

Auta ta zube a sumintin falo, inda kafet ya riga ya koma gidan masu shi, ta fasa kuka. "Shi ke nan! Na gama yawo! Duk karatun da na yi ya tashi a banza, Yaya, wallahi ba a yi mini adalci ba!"

Kawu ya saci kallon Inna. Ya san inda kibiyar za ta dosa in bai yi maza ya karkatar da ita ba. Mai basira kuwa ba ya rasa mafita.

"Ni dama na san za a rina," ya ce yana girgiza kai. "Mutum yana cikin gidauniya tsundum, a ce ƙanwar budurwarsa ta faɗi? Ko ɗan yatsa bai ɗaga ba! Wannan ne mai son naki?"

Maganar ta sami wurin zama a zuciyar Inna. Da Dogo ya zo da la'asar, fuskarsa cike da damuwa, a bakin ƙofa ta tare shi.

"Tsaya nan. Ba sai ka shigo ba."

Ya durƙusa. "Inna, na ji abin da ya faru, na zo ne in—"

"Ka zo ka ga yadda muke kuka? To ka gani. Kana can ciki aka cire sunan 'yata!"

"Inna, ni koyarwa kawai nake yi. Ba na cikin masu zaɓe."

"Ba ka da baki? Ba ka san shugabar gidauniyar ba? Ka je ka ce a mayar da sunanta."

Dogo ya ce a hankali, "Ba zan iya ba, Inna. Ko ina da ikon ma ba zan yi ba. Wanda aka ba gurbin shi ma ɗan wata uwa ne."

"Kun ji ko!" Kawu ya tafa hannu daga bayan Inna. "Liman ya zo! Tsawo kamar sandar wuta, amfani babu. Mu da muka ɗauke ka ɗa, ashe kallon mabarata kake mana."

"Kawu, da an bar gidan yadda yake—"

"Au, ni za ka koya wa yadda ake karɓar baƙi? Tun ba a haife ka ba nake zama da manya!"

Inna ta nuna hanya da hannu. "Ka ji da kyau. Muddin Auta ba ta shiga lesin nan ba, ƙafarka ba za ta ƙara taka gidan nan ba, maganarka da 'yata kuma ta mutu. Tashi ka ba ni wuri."

Yaya ta bi shi zuwa bakin titi da izinin minti ɗaya. Kawu, wanda ba ya laɓe sai don amfanin iyali, ya tsaya a bayan ƙyaure.

"Na san ba laifinka ba ne," ta ce cikin kuka. "Amma uwata ce. Ba zan tsallake maganarta ba. Kada ka zo, kada ka kira ni, sai ranar da ta yarda."

"Ko shekara nawa ne zan jira," in ji Dogo. "Abu ɗaya zan gaya miki, kuma kowa ma ana gaya masa. Duk wanda aka ƙi yana da damar ya nemi a sake duba gidansu. Sai dai a karo na biyu ba sa faɗin ranar zuwa. Ki je ki nema. Ki bar su su ga gaskiya, ita kaɗai ta ishe ku."

Gidan ya koma kamar gidan makoki. Inna ba ta amsa gaisuwar Yaya sai da ka. Auta ta daina cin abinci, kullum tana ƙudundune da tsofaffin littattafanta, in an yi mata magana ta ce, "Filis ku ƙyale ni." Yaya ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta je ofis ta nemi a sake dubawa, ta dawo ta hau kekenta. Daga safe zuwa yamma ba ka jin komai sai ƙarar keke, wani lokaci da shessheƙa a ƙarƙashinta. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga waya ta kira Dogo ba. Kawu ya bincika, don ya so ya kama ta.

Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Kukan Auta yana hana shi jin daɗin turarensa. Ya zauna ya yi tunani irin na masu hangen nesa: tunda talauci suke so, to zai ba su talaucin da ba su taɓa gani ba.

Ya fara da rediyo, sai katifu, sai bencin kansa, duk ya rarraba a maƙwabta. Ya samo wata yagaggiyar riga a wurin mai wankin mota, kullum da safe ya zura ta ya zauna a kan buhu yana jiran baƙi.

"Kawu, ka dawo mana da kayanmu," in ji Yaya. "Ƙarya ce ta kai mu nan, wata ƙaryar ba za ta fitar da mu ba."

"Ke dai yi ɗinkinki. Dabara ba aikin yara ba ce."

"To ko me za ka ɗauka, kada ka taɓa keken nan."

"Ni? Me zan yi da shi?"

Ranar da ta fita kai ɗinki, ya sa aka ɗauke keken aka kai bayan shagon mai aski. Keken ɗinki dukiya ne, duk mai hankali ya san haka. Ko awa ba a yi ba aka yi sallama. Mai Tabarau ce.

Kawu ya langaɓar da kai, ya sauke murya. "Shigo, baiwar Allah. Ki yi haƙuri, ko abin zama ba mu da shi. Haka muke, rabonmu da abinci tun shekaranjiya."

Ta tsaya a tsakiyar falon da babu komai sai bango. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja numfashi ta hanci.

"Malam, ba kai ne mai kai yarinya ƙasar waje ba?"

"Wannan... yayana ne. Muna kama sosai."

"Har turaren ma iri ɗaya kuke sawa?"

Kawu ya shinshina rigarsa. To ina laifinsa? An ce ya sa tsumma, ya sa. Amma a ce mutum kamarsa ya fito gaban mace ba ƙamshi? Ai ko talauci yana da iyaka!

"Rigar ta canza, turaren bai canza ba, agogon ma yana nan," in ji ta, fuskarta a murtuke. "Na zo na farko kun yi mini wasan masu kuɗi, yau kun yi mini wasan mabarata. Kun ɗauka ba mu da aikin yi? Akwai yara da yawa masu jiran wannan dama, iyayensu ba su yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba. An rufe maganar gidan nan."

Auta ta rushe da kuka ta riƙe ƙafar Mai Tabarau. Daidai nan Yaya ta shigo. Ba ta ga baƙuwa ba, ba ta ga Kawu ba. Kusurwar falo kawai ta gani, inda sawun ƙafafun keke ya yi rami a suminti, ga ɗigon mai, ga guntayen zare.

"Ina kekena?" Muryarta ta fashe. "Kawu, ina kekena? Na yi shiru an kori wanda nake so a kan laifin da ba nasa ba. Na yi shiru an kwashe katifar da nake kwana a kai. Yanzu abin da muke ci da shi ma sai an ɓoye kamar kayan sata? Me na yi muku ne a gidan nan?"

Mai Tabarau ta bi kusurwar da kallo, ta daɗe tana duban ramukan nan.

Inna ce ta motsa. Ta tako a hankali, ta tsuguna, ta tsinci wani guntun zare ta riƙe a tafin hannunta. Hawaye suka zubo mata.

"Baiwar Allah, tsaya ki ji," ta ce. "Kujerun da kika gani na aro ne. Wannan kangon ma ƙarya ne. Gaskiyarmu benci ɗaya ce da bokitin yoyo da keken yarinyar nan. Shi ya ciyar da mu tun rasuwar ubansu. Ni na hana ta magana, don kada ki koma ki gaya wa Dogo halin da surukansa ke ciki."

"Wane Dogo? Malamin lissafi?" Mai Tabarau ta gyara tabaraunta. "Me ya haɗa shi da gidan nan?"

Kawu ya ɗago kai.

"Bai... bai gaya miki ba?" in ji Kawu.

"Bai taɓa ambata mini ku ba. Mu ma ba ma faɗa wa malamai abin da muka gani a gidajen yara."

Wato duk kushin ɗin nan da firij da kuɗin 'yan dako, an yi su ne don matar da ba ta ma san ana yi ba. Kawu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasa ma ba ta taimakon mutumin kirki.

"Magana ba ta ishe ni ba yanzu," in ji Mai Tabarau. "Sai na gani."

Inna ta share ido. Ta san abin da hakan ke nufi: duk layin zai sani. "Je ki nuna mata," ta ce wa Yaya. "Gida gida. Asirin da zai hana 'yata karatu, gara ya tonu."

Haka aka yi. Yaya a gaba, Mai Tabarau a baya, mata na leƙe ta taga. Ga kujerun a falon matar mai katako. Ga firij a shagon mai lemo. Ga keke a bayan shagon mai aski, an rufe shi da tawul. 'Yan dako kuwa suka ce ba za su ƙara ɗaga ko tsinke ba sai an biya su, don haka Kawu Mai Turare da kansa, cikin rigar mai wankin mota, ya ɗauki kan keken a ka ya ratsa layin, ƙamshi na bin sa, dariya na bin ƙamshin. Wannan zalunci har yau bai yafe shi ba.

Mai Tabarau ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce gurbi ya cika, sai dai in wani ya samu. Aka koma jira, Yaya ta koma kan kekenta, har lokacin ba ta kira Dogo ba. Sai wata safiya saƙo ya shigo: gidauniya ta sami ƙarin tallafi, an buɗe sabon aji, sunan Auta ne a farko. Ihun da Auta ta yi sai da mai aski ya yanki kunnen wani.

Inna ta dubi ƙaninta. "Kai ka kore shi da bakinka, da ƙafarka za ka je ka kira shi."

"Ni? Da girmana?"

"Da girmanka da turarenka."

Dogo ya zo da la'asar. A kan benci aka zaunar da shi, bokitin yoyo yana gefen ƙafarsa. Inna ta ce, "Ɗana, ka yafe mini. Na nemi ka ci amana don ka nuna kana son 'yata, ashe ƙin da ka yi shi ne shaidar. Wanda bai cuci ɗan wani don mu ba, ba zai cuci tawa ba."

"Ba komai, Inna. Bencin nan ma na yi kewarsa."

Yaya tana bakin ƙofar ɗaki, tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Auta ta raɗa mata, "Yaya, yau dai a bar keken ya huta, filis."

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Talauci ba abin kunya ba ne, ƙaryar da ake rufe shi da ita ce abin kunya, zanen aro kuwa bai taɓa rufe katara ba. Kowa a falon ya ɗauki wannan darasi.

Kawu ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "In an bi ta gaskiya, ni ya kamata a gode wa. Da ban aro kujerun nan ba, yaushe za a gane yaron nan ɗan halak ne? Amma na saba, ba a gode mini." Ya matso kusa da Dogo ya rage murya. "Ranar ɗaurin aure fa, na san wani gida da ke da kujeru masu ruwan zinariya—"

"Kawu!" suka haɗa baki gaba ɗaya.